Ƙwallo Amana Ce: Yadda Ake Riƙe Ta da Yadda Ake Ƙwace Ta

Daga shirin wasanni na yammacin Asabar. An rubuta shi yadda aka gabatar, sai dai an cire kiɗa da sanarwa.

 Ina gaida mutanen Bibemi da Adumri da Padarme, da na Pitowa da Garwa, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka, na Lere a Cadi, da na Yola da Mubi a Najeriya. Makiyayi da ke bayan shanu da rediyo rataye a kafaɗa, jam na? Direban da ke jiran a duba takardu a bakin iyaka, sannu da haƙuri. Ku matso kusa, yau hirar ƙwallo za mu yi.

Abin da ya jawo maganar, saƙon murya ne da wani Alhaji mai fataucin albasa tsakanin Garwa da Yola ya aiko mana. Ya ce ɗansa ya nuna masa wani wasa a waya, na ɗaliban jami'a a Amurka, kowa da hular kwano da kafaɗu kamar an cusa masa matashin kai. Ya ga wani yaro ya rungume ƙwallo yana gudu, sai wani ya biyo shi ta baya ya naushi ƙwallon, ta faɗi, abokan hamayya suka ɗauke. Alƙalin wasa bai busa ba, 'yan kallo kuma sai murna. Alhaji ya ce: "Yarona, wannan ba fashi ba ne da rana tsaka? Ko su can ba su da doka?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Suna da doka, kuma abin da ka gani yana cikinta. Zan ba ka amsa, daga nan mu dawo gida, domin tambayarka ta taɓo abin da ke kayar da ƙungiyoyin ƙauyukanmu duk hutun damina, har wani lokaci ya kai yaro gidan mai ɗori.

WASAN DA ALHAJI YA GANI

Wasan nan ƙwallon Amurka ne. Mutum 11 ne kowane ɓangare kamar namu, amma ƙwallon doguwa ce mai tsini biyu, kamar ƙwai, kuma da hannu ake ɗaukar ta. Ana ba ƙungiya dama 4 ta ci gaba da yadi 10, wato wajen mita 9. In ta ci, a sake ba ta wasu 4. A jami'o'i abin ba na wasa ba ne: filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Har da jininmu a ciki, domin Ndamukong Suh, wanda ya gagari kowa a Jami'ar Nebraska a 2009, mahaifinsa ɗan Kamaru ne.

To, in mai ɗauke da ƙwallo ya sake ta kafin gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa, su suna ce wa wannan fambul, wato suɓucewa. Daga wannan lokacin ƙwallo ba ta da mai ita, wanda ya riga ya danne ta shi ke da ita. Tunda kowace ƙungiya ba ta samun ƙwallo sau da yawa a wasa guda, suɓucewa ɗaya tana iya zama sanadin rashin nasara. Shi ya sa masu horarwa suka mai da abin darasi guda biyu, suna koyar da su kullum.

Darasi na farko, riƙo. Yatsu su rufe tsinin gaba, gefe ɗaya ya kwanta a kan dantse, tsinin baya ya shige tsakanin damtse da haƙarƙari, a ɗaga ta sama a matse a ƙirji. In za a shiga cunkoso, a ɗora hannu na biyu. In ana gudu kusa da layin gefe, a mayar da ita hannun da ke wajen layi, yadda jiki zai shiga tsakaninta da abokin hamayya.

Darasi na biyu, ƙwace. Wanda ya fara isowa aikinsa ya riƙe mutum ya tsayar da shi. Na biyu shi ne zai kai hannu ga ƙwallo, ya fizge ko ya nausa. Akwai wani Charles Tillman, wanda ya yi jami'a a Lafayette ta jihar Louisiana kafin ya buga wa Chicago Bears. Sau 44 yana fitar da ƙwallo daga hannun mutane a rayuwarsa ta ƙwararren ɗan wasa, har da sau 4 a wasa guda a 2012. Ƙwallo yake duka, Alhaji, ba mutum ba, shi ya sa alƙali bai busa ba.

Kai da ka san kasuwar Adumri, ai ba baƙon abu ba ne a wurinka. Wanda ya sayar da bijimi ba ya yawo da kuɗin a aljihun gefe. Yana tura su aljihun ciki, in ya shiga turmutsutsu ya ɗora hannu a kai. Ɗan sane kuma ba ya zuwa lokacin da kake a shirye, yana jiran lokacin da kake ƙirga canji ko kana waiwayen wanda ya kira ka. Mu namu wasan da ƙafa ne, amma lissafin ɗaya ne.

RANAR DA MILLA YA KARƁE TA A ƘAFAR GOLA

Mu 'yan Kamaru muna da labarin ƙwace ƙwallo da duniya ba ta manta ba. Ni ba a haife ni ba lokacin, a bakin mahaifina na fara jin sa, daga baya na kalla a waya ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Ranar 23 ga Yuni, 1990, a birnin Naples na Italiya, Kamaru ta haɗu da Kolombiya a zagayen 'yan 16 na gasar cin kofin duniya. An cinye minti 90 babu ci. Roger Milla, mai shekara 38, daga benci ya shigo. A ƙarin lokaci, minti na 106, ya ci ta farko. Ba a yi minti uku ba sai ga abin da ya sa nake ba ku labarin.

Mai tsaron gidan Kolombiya, René Higuita, an san shi da fitowa daga raga yana wasa da ƙafa kamar ɗan tsakiya. Ya fito nesa da gidansa, ya ba ɗan bayansu Perea, Perea ya mayar masa. Maimakon ya buga ta gaba, sai ya so ya ja ta da ƙafa ya juya. Milla da ke laɓe kusa ya sa ƙafa ya zare ta, ya ruga, ya tura ta cikin raga babu kowa, ya nufi tutar kusurwa ya yi rawarsa. Kolombiya ta farke ɗaya daga baya, aka tashi 2 da 1. Da wannan Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen 'yan 8.

Ku lura da abu biyu. Milla bai taɓa ƙafar Higuita ba, bai ture shi ba, bai zame a ƙasa ba. Sannan ba sa'a ce kawai ba. Milla ya yi wasa tare da kyaftin ɗin Kolombiya, Carlos Valderrama, a ƙungiyar Montpellier ta Faransa, kuma shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ta nan ya ga hotunan bidiyon Higuita, ya san halinsa na fitowa da ƙwallo. Ya san ɗabi'ar mutuminsa, ya jira daƙiƙar da zai juya.

Wannan daƙiƙar ita ce maganarmu ta yau. Ba kasafai ake ƙwace ƙwallo daga wanda ya riga ya daidaita ta yana kallon gaba ba. Ana ƙwace ta ne lokacin da take isowa, ko lokacin da mutum yake juyawa kansa a sunkuye.

ABIN DA MUKA GANI DA IDONMU A GARWA

Kada ku ce labarin da ne. Da yawanku kun shiga filin Roumdé Adjia a Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, lokacin da 'yan'uwanmu na Yola da Mubi suka cika garin Garwa har masu masauki suka rasa inda za su sa baƙi. Ni ma ina can, ina ɗan koyon aiki, da ƙaramin rakoda a hannu.

Ranar 11 ga Janairu Najeriya ta doke Masar 1 da nema, Kelechi Iheanacho ya ci a minti na 30. Wanda ya kalli wasan ya ga yadda aka hana Mohamed Salah sakat. Duk lokacin da ƙwallo ta nufo shi, akwai mutum a jikinsa tun kafin ta iso, Wilfred Ndidi kuma yana share abin da ya faɗo a tsakiya. Najeriya ta ci Sudan 3 da 1, ta ci Gini Bisau 2 da nema. Kowa ya ce kofi ya kusa.

Sai ranar 23 ga Janairu, a wannan filin dai, Tunisiya ta zo, ga cutar korona ta kwantar mata da 'yan wasa har da mai horarwa. Me suka yi? Sun ga cewa ta gefen Moses Simon Najeriya ke shigowa, sai suka sa masa mutum biyu. Ɗaya ya tsaya a gabansa ya rage masa gudu, na biyu ya zo ya ɗauke ƙwallo. Darasin nan na Amurka ke nan, da ƙafa. Youssef Msakni ya ci a minti na 47. Alex Iwobi ya shigo daga benci, bai jima ba ya taka ƙafar Msakni wajen takarar ƙwallo. Alƙali ya fara ba shi katin gargaɗi, da ya je ya duba na'ura sai ya mayar da shi ja. Najeriya ta ƙarasa da mutum 10, aka fitar da ita 1 da nema. Na ga manyan mutane sun fito daga fili ba mai ce wa wani uffan.

YADDA AKE RIƘE TA

To, bari mu sauko filin makarantar firamare, inda ciyawa ke gefe ɗaya, sawun shanu ke ɗaya gefen. Samari masu shirin gasar hutu, ku buɗe kunne, ga abu biyar.

Na ɗaya, waiwaya kafin ta iso. Mai kiwo ba ya jiran ya isa bakin Mayo Kebbi kafin ya duba inda zai tsallakar da garke, tun daga nesa yake karanta ruwa. Kai ma lokacin da ƙwallo ke hanya, juya kai hagu da dama. Wa ke bayanka? Ina abokinka? In ka jira sai ta zo ƙafarka sannan ka ɗaga kai, ka makara.

Na biyu, taɓawar farko ta kai ta inda babu mutum. Yawancin yaranmu suna take ta da tafin ƙafa su tsaya cak, kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Tsayawar nan ita abokin hamayya ke nema. Ku tuna ƙwallon da Vincent Aboubakar ya ci Masar a wasan ƙarshe na kofin Afirka, ranar 5 ga Fabrairu, 2017, a Libreville, saura minti biyu a tashi. Doguwar ƙwallo ce ta zo masa, ya tare da ƙirji, ya ɗaga ta ta saman ɗan baya, ya buga kafin ta zauna. Taɓawa uku, kuma ko ɗaya bai bar ta inda ƙafar wani za ta kai ba. Yaron Garwa ne, a Coton Sport ya tashi, a irin ƙasar da kuke takawa ya koya.

Na uku, sa jikinka a tsakani. Juya gefe, durƙusa kaɗan, buɗe ƙafafu, ƙwallo ta kasance a ƙafar da ta fi nisa da shi. Doka ta yarda ka kare ƙwallo da jikinka muddin tana kusa da kai yadda za ka iya taɓa ta. Abin da ba ta yarda ba shi ne ka riƙe shi ko ka tunkuɗe shi da hannu. Siririn yaro da ya iya wannan tsayuwar yana gagarar ƙato.

Na huɗu, san inda kake. A gaban ragar abokan hamayya, yi yanka, gwada abin da ka ga dama, in ta suɓuce akwai mutum goma a bayanka. A gaban ragarku kuwa, babu kowa a bayanka sai gola. Can ba wurin gwaninta ba ne. In an matse ka kuma ba ka ga wanda za ka ba, fitar da ita waje, jifa ba ci ba ne. Masu tsaron gida, ku ma da ku nake. Tun 1992 doka ta hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Kuna ganin André Onana yana wasa da ƙafa kuna sha'awa, amma shi a kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa yake, kuma tun yana yaro ake koya masa. A filin da ƙwallo ke tsalle kamar ɗan akuya, taɓawa ɗaya ta isa.

Na biyar, karanta ƙasa. Da damina ƙwallo tana tsayawa a ruwa, fasin gajere a ƙasa sai ya mutu a rabin hanya, ya zama kyauta ga abokin hamayya. Da rani ƙasa ta bushe ta tsattsage, ƙwallo tana gudu tana karkacewa. Kafin a fara wasa, zagaya fili da ƙafarka, ka san inda rami yake da inda yashi ya taru.

Akwai kuma na shida wanda ba na mai ƙwallo ba ne, na abokansa ne. Sau da yawa muna zagin wanda aka ƙwace a ƙafarsa, alhali mutum uku sun tsaya suna kallonsa, ba wanda ya matso ya ba shi hanya, ba wanda ya yi masa ihu cewa ga mutum a bayanka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In abokinka ya karɓi ƙwallo, ya kamata ya ga mutum biyu da zai iya ba, ɗaya dama ɗaya hagu.

YADDA AKE ƘWACE TA

Yanzu mu juya. Ƙwallo tana hannunsu, kuna son ta.

Ku da kuka kwana a ruga kun san halin kura. Ba ta faɗa wa tsakiyar garke inda bijimai suke. Tana zagayawa, tana jiran maraƙin da ya ware, ko lokacin da mai kiwo ya juya baya. Mai ƙwace ƙwallo ma jira yake yi, kuma ga alamun da yake jira: ƙwallo ta yi tsalle a gaban mutum, ko taɓawarsa ta farko ta yi nisa, ko ya karɓa yana fuskantar ragarsu, ko an ba shi a ƙafar da ba ya iyawa da ita, ko layin gefe ya matse shi. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, shiga da sauri. In ba ka gani ba, tsaya da ƙafafunka, ja da baya a hankali, tura shi wajen layi, ba abokanka lokaci su dawo.

Wanda ya fara isa ba lallai shi ne zai ɗauke ta ba. Aikinsa ya tsayar. Na biyu ya ɗauka, na uku ya toshe hanyar fasin. Idonka a kan ƙwallo, kada ka bi rawar kafaɗa da ƙugu. Kuma in an ƙwace a ƙafarka, lokacin da ya fi sauƙin dawo da ita shi ne nan take, domin wanda ya ƙwace shi ma kansa yana ƙasa, bai riga ya ga fili ba. An san Barcelona ta zamanin Guardiola, wadda Samuel Eto'o ya ci wa ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2009, da wannan ɗabi'ar: da ta suɓuce, sai su yi wa mutum rubdugu kafin ya numfasa.

Ga abin da doka ta ce, don a daina musu a bakin fili. Kafaɗa da kafaɗa halal ne in ƙwallo tana kusa kuma ba da ƙarfin hauka ba. Gola in ƙwallo tana hannunsa, ko yana buga ta da ƙasa, ko ya jefa ta sama zai harba, ba a taɓa shi. In ya ajiye ta a ƙasa yana wasa da ƙafa, ya zama kamar kowa, shi ya sa ƙwallon Milla ta zauna. Sannan maganar nan da muke yi, "ai na taɓa ƙwallo", ba ta wanke kowa. In ka shigo da ƙafa biyu, ko ka nuna ƙusoshin takalmi, ko ka zo da ƙarfin da zai iya raunata mutum, yana iya jawo maka jan kati ko da ka taɓa ƙwallon.

ABIN DA YA SAME NI

Jama'a, ba daga littafi na ɗauko wannan ba. Ina da shekara 17, muna gasar hutu a wani ƙauye da ba zan ambata ba, ni ke buga lamba 6. Saura kaɗan a tashi, babu ci. Golanmu ya gangaro mini da ƙwallo, na karɓa ina fuskantarsa, na take ta, kaina a ƙasa. Ban waiwaya ba. Wani siririn yaro ya zo ta bayana ya zare ta kamar an zare zare daga allura, ya ci. 'Yan kallo suka yi ta dariya, har da 'yan matan unguwarmu.

Da a nan abin ya tsaya, da yau dariya kawai zan ba ku. Amma zuciya ta ɗebe ni. Da aka dawo da wasa, ƙwallo ta sake zuwa ƙafar yaron nan, na taho ta baya na zame da ƙafa biyu. Ni da takalmi mai ƙusa, shi da takalmin roba, ba abin kare ƙwauri. Na ji ƙarar da har yau ba na son tunawa. Aka ɗauke shi a babur. Fili ya rikice, samarin ƙauyukan biyu suka ɗauki sanduna, sai da dattawa suka shiga tsakani.

Yaron nan shi ne babba a gidansu, shi ke fita da shanu. Wata uku ba ya takawa. Mahaifinsa ya ɗauki ɗan kiwo na haya, da rani ya zo kuma ba da shi aka tafi mashekari ba. Mahaifina ya sa ni a gaba muka je har rugarsu da goro, ya biya kuɗin ɗori, ya sa na durƙusa. Tsohon ya dube ni ya ce: "Yaro, shi ƙwallo ya ɗauka, bai taɓa ka ba. Kai me ya sa ka ɗauki ƙafarsa?" Ban sami amsa ba. Ya yafe, Allah ya saka masa. Yaron ya warke, muna gaisawa in mun haɗu a kasuwa, amma bai sake buga gasa ba.

Na yi ta juya abin a raina. Duk daga waiwaye ɗaya da ban yi ba ya faro. Da na duba bayana, da ba a ƙwace ba, da ban ji kunya ba, da ban huce a kan ƙafar ɗan mutane ba. Ku duba faɗace-faɗacen da ake yi a gasanninmu, za ku ga da yawa haka suke somawa: wanda aka ƙwace a ƙafarsa ne ke komawa ya rama.

KAFIN A FARA GASAR BANA

Ga shawara ga masu horarwa, ba ta buƙatar ko dala. Akwai atisayen da masu jin Faransanci ke kira toro, kalmar kuwa ma'anarta bijimi, kun ga naku ne. Mutum 5 su yi da'ira, 2 su shiga tsakiya. Na waje suna ba juna, taɓawa biyu kawai aka yarda. Na tsakiya suna neman ƙwacewa, ba zamewa a ƙasa, ba taɓa ƙafa. Wanda aka ƙwace a wurinsa ya shiga tsakiya. Minti 15 kullum kafin a raba gida. Na waje yana koyon waiwaye da taɓawar farko, na ciki yana koyon haƙuri da aiki da abokinsa. Ku yi wata ɗaya ku aiko mini da labari.

Ga masu shirya gasa da 'yan kasuwar da ke sa kofi da riguna, Allah ya saka. Ina roƙon abu uku. Ku sa abin kare ƙwauri cikin kayan da kuke saye, ya fi sabuwar riga amfani. Kada a bar mai takalmin ƙusa ya kara da mai ƙafa tsirara, ko kowa ya sa, ko kowa ya cire. Sannan ku tsaya wa alƙalin wasa. In ya ɗaga jan kati ga ɗan mai unguwa, kada a ce a yi haƙuri a mayar da shi. Coton Sport da ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008, ta kara da Al Ahly ta Masar har a nan Roumdé Adjia, daga irin waɗannan filayen ake tsintar mata yara. Yaron da aka karya a shekara 15 ba wanda zai tsince shi.

Iyaye makiyaya, na san wasunku suna hana yara ƙwallo saboda tsoron irin abin da na ba ku labari. Ba ku yi laifi ba, ƙafar yaro ita ce jarin gida. Amma in za ku bar shi ya je, ku tambaye shi wa ke horar da su, wa ke busa usur, kuma akwai babba a bakin fili ko babu.

Alhaji mai albasa, ina fata ka sami amsarka. Abin da ka gani ba fashi ba ne, sakaci ne ya gamu da mai jira. Ka gaida ɗanka, ka ce ya ci gaba da nuna maka.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu yi maganar masu tsaron gida da bugun daga kai sai gola. Wanda ke da tambaya ko gyara, ya aiko da saƙon murya kamar yadda aka saba, da Hausa ko Fulatanci ko Faransanci, duk muna ji. Masu tafiya Adumri, Allah ya ba da kasuwa. Masu tsallaka iyaka, Allah ya kiyaye hanya. Masu kiwo, Allah ya tsare dukiya. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.